Kati biyu a akwati ɗaya: shirya layukan murya da katin jira a kan fibur

Wani matashi ma'aikacin sadarwa a nan Maraɗi ya aiko da tambaya. Ma'aikatarsu ta haɗa babban bironta na cikin gari da reshen Gidan Rumji da fibur, aka kafa na'urar SDH, wato mai tattara layuka ta aika su ta fibur, mai ƙarfin matakin farko da ake kira STM-1, a kowane gefe, amma na'urorin ba na kamfani ɗaya ba ne. Ana so a bi da E1 huɗu, wato hanyoyin sigina masu megabit 2 kowace, na farko ɗauke da layukan talho 30. Shugabansu ya sayi kowane kati biyu-biyu don kada layi ya yanke. Da aka kunna, E1 na 1 da na 4 suka tashi, na 2 da na 3 suka ƙi. A layukan talho kuma, wasu lambobin talhon wani suke kaɗawa, ana jin ƙaf-ƙaf cikin magana, fakis ba ya wucewa. Abin da ya fi ƙona masa rai, ranar da ya zare katin E1 a gaban shugaban don ya nuna masa kariyar tana aiki, komai ya mutu.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Matsala uku ce ka ɗaure a igiya ɗaya, kuma babu wadda ta haifi ƴar'uwarta. Zan fara da mai sauƙi, don minti goma ya ishe ka ka gama da ita.

E1 na 2 da na 3 lafiyarsu ƙalau, lissafi ne bai zo ɗaya ba. STM-1 yana tafiya da megabit 155.52 a sakan, kuma cikinsa akwai mazubi 63 da ake kira VC-12, kowane yana ɗaukar E1 ɗaya. Ba a jere su ɗaya bayan ɗaya kamar buhunan gyaɗa a sito ba. An kasa su manyan rukuni 3, kowane babba yana da matsakaita 7, kowane matsakaici yana da mazubi 3. Saboda haka adireshin gaskiya na kowane mazubi lamba uku ne, K da L da M, kamar 1-1-1 ko 3-7-3. Lambar nan ta 1 zuwa 63 da kake gani a allon kwamfuta, kowane kamfani da yadda yake ƙirga tasa. Wani yana fara juya K, sai lamba 2 ta zama 2-1-1, lamba 3 ta zama 3-1-1. Wani kuma M yake fara juyawa, lamba 2 tasa ita ce 1-1-2, lamba 3 kuma 1-1-3. Lissafin biyu ba ya haɗuwa sai inda K da M suka zo daidai, shi ya sa 1 ta tashi, 4 ma ta tashi, don dukansu sun yarda ita ce 1-2-1. Wato a Maraɗi ka zuba kaya a wani mazubi, a Gidan Rumji ana leƙen wani daban. In ka duba alam, da wuya ba ka ga UNEQ ko TU-AIS, masu nuna kaya bai iso mazubin ba, a kan waɗannan biyun ba. Maganin shi ne ka manta da lambar allo, ka rubuta K-L-M a takarda, ka sa iri ɗaya a gefen biyu. Abin da gefe ɗaya ke kira 2, ɗayan 22 yake kiransa. 3 kuma 43. Wasu na'urori suna da wurin da ake zaɓar salon ƙirgar, in taka tana da shi, ka huta.

Tunda kana wurin, ka raɗa wa kowane mazubi suna a gurbin J2, wanda ke tafiya tare da mazubin ɗauke da sunansa, misali MDI-GRJ-02, don ranar da wani ya karkata hanya na'ura ta faɗa maka. Sai dai kada ka bari saɓanin suna ya riƙa yanke layi tun yanzu. Kamfanoni sun bambanta wajen cike ragowar haruffan sunan, har ka ga sunan iri ɗaya a ido amma na'ura ta ce ba haka ba, ta tada TIM, alam ɗin saɓanin suna, ta rufe hanyar. Bar shi a matsayin gargaɗi kawai sai ka tabbatar gefen biyu sun karanta juna.

Yanzu murya. Abin da matasa da yawa ba su riƙe ba shi ne, SDH bai san talho ba. E1 yake ɗauka a dunƙule ya kai ya ajiye, bai damu da abin da ke ciki ba. Mai yanka E1 gida-gida shi ne ƙaramin akwatin PCM da ke gefe, ko kati na musamman a cikin na'urar in tana da shi. Don haka duk kukan da ka yi na talho, a can za ka nemo shi.

E1 megabit 2.048 ne, an raba shi gurbi 32, daga 0 zuwa 31, kowane kilobit 64. Asalin wannan 64 ɗin, ana ɗebo samfurin murya sau 8,000 a sakan, kowane samfuri bit 8, bisa ƙa'idar G.711 da ke nan tun 1972. Gurbi na 0 na daidaita zubi ne, ba a sa magana a ciki. In kana amfani da ishara irin ta CAS, gurbi na 16 ma ya fita, don shi ke gaya wa ɗaya gefen an ɗaga talho, an ajiye, ko a kaɗa ƙararrawa. Saura 30, shi ake kira PCM30. To ga tarkon da ka faɗa: layi na 1 zuwa na 15 suna zaune a gurbi na 1 zuwa na 15, amma layi na 16 a gurbi na 17 yake, har zuwa layi na 30 a gurbi na 31. In a gefe ɗaya ka bi lambar layi, a ɗayan ka bi lambar gurbi, duk abin da ya haura 15 ya goce da taki ɗaya. Na tabbata in ka duba za ka tarar lambobin da ke kaɗa talhon maƙwabci duk na sama ne. Akanta ya kira magatakarda, mai gadi ya ɗauka.

Sauran saitin ba su da wuya, sharaɗinsu ɗaya ne, su zo daidai a gefen biyu: PCM30 ko PCM31 mai sa kaya har a gurbi na 16, CRC-4 mai duba kuskure a kunne ko a kashe, salon zubin sigina HDB3 a kan layi, da nau'in waya, om 75 in mai zagayen garkuwa ce, om 120 in murɗaɗɗiya ce. Matse murya kuma salon A muke bi a Nijar da Najeriya da Turai. Ɗaya salon, mai suna mu-law, na Amurka da Japan ne, su da ke da T1 mai layi 24. Ina faɗin wannan ne saboda kayan hannu da ke shigo mana ta kasuwa; akwatin da aka kwance a Amurka zai iya zuwa da saitinsa na can, kira ya shiga, amma muryar ta fito kamar ana magana cikin gwangwani.

FXS da FXO kuwa, riƙe su haka: FXS shi ne mai ba da wuta, shi ke ciyar da talho, ya ba shi sautin jiran lamba, ya kaɗa masa ƙararrawa. FXO kwaikwayon talho yake yi, karɓa yake. Tunda injin rarraba kiranku yana Maraɗi, katin da ke kallon injin FXO ne, na Gidan Rumji da ke kallon talhohin tebur FXS ne. Kada ka taɓa haɗa FXS da layin da ya riga ya zo da wutarsa, masu ba da wuta biyu ke nan a waya ɗaya, kati kan ƙone a haka. Kuma in ka tambaye ni, in injin naku yana da ƙofar E1, kuma za a iya ajiye ƙaramin inji a reshe, ku haɗa su kai tsaye ta PRI, wato E1 daga inji zuwa inji, ku watsar da FXO gaba ɗaya. Duk inda aka juya murya daga siginar dijital zuwa wayar tagulla aka sake maido ta, nan amsa-kuwwa da raunin sauti ke samun ƙofa. In kun bi wannan hanyar, gurbi na 16 ya zama na saƙonnin kira, don haka akwatin da ke tsakani kada ya taɓa shi, kuma inji ɗaya ya zama uwar layi, ɗayan mai karɓa. In dukansu suka ce su ne uwa, E1 zai nuna kore amma kira ba zai fita ba.

Ƙaf-ƙaf da mutuwar fakis, wannan agogo ne. Kowane zubi na E1 yana ɗaukar kashi ɗaya cikin 8,000 na sakan. In gefen biyu kowa na bin agogon cikinsa, ɗaya zai riƙa ɗan rigan ɗaya, ma'ajiya ta cika ko ta ƙare, sai a yar da zubi guda ko a maimaita shi. Ƙa'ida ta yarda agogon E1 da ke tafiya shi kaɗai ya kauce har kashi 50 cikin miliyan. In tazarar ta kai haka, kowane sakan biyu da rabi sai an yi wannan zamewar. Kunnen mutum yana haƙuri, ɗan ƙaf yake ji ya wuce, fakis da modem ba su da wannan haƙurin. Sarki ɗaya ake yi: injin Maraɗi ya bi agogon kamfanin talhon da ya ba ku layi in akwai, akwatin PCM na Maraɗi ya bi injin, na Gidan Rumji ya ɗauko daga layin da ke shigo masa. Kuskuren da ya fi wannan muni shi ne kowa ya ce daga ɗan'uwansa zai ɗauka. Da farko shiru, kamar an dace, sannan agogon ya riƙa sulalewa babu mai riƙe shi. Na'urorin SDH ɗin su ma haka: ta Maraɗi ce uwa, ta reshe ta bi haske, kuma ka kunna SSM, wato saƙon da ke cikin gurbin S1 na zubin SDH, wanda ke sa mai karɓar agogo ya ce wa mai ba shi kada ka ɗauka daga gare ni.

To, mu zo kan katin da ka zare, don nan ne kuɗin shugabanku suka tafi.

Kati biyu da ke zaune a akwati ɗaya ba su san juna ba. Sai ka shiga manhajar sarrafawa ka ƙulla su a rukunin kariya, ka ce wannan ne na aiki, wancan na jira, sannan na biyun ya san yana da aiki. Ina kyautata zaton ba ka yi wannan ba. Amma ko kafin ka taɓa kwamfuta, zagaya ka duba inda wayoyin E1 suka sauka. Wannan ita ce tambayar da ke yanke hukunci. In tagullar ta sauka a fuskar katin kansa, to ranar da katin ya mutu waya tana maƙale da gawa, katin jira ba shi da hannun da zai miƙa ya ɗauko ta. Na'urorin da aka ƙera don wannan kariyar suna raba aikin biyu: wayoyi su sauka a wani faifai daban mai ƴan makullai a ciki, kati mai aikin lissafi kuma yana wani mazaunin. In mai lissafin ya faɗi, makullan su karkata siginar zuwa na jira. In taku ba ta da wannan faifan, abin da ya rage shi ne waya mai reshe biyu, in littafin na'urar ya yarda da ita. In bai yarda ba, katinku na biyu kayan gyara ne na ajiya, kuma gara ka faɗa wa shugaba haka tun yau.

In tana da shi, ga abubuwan da ke hana rukunin ƙulluwa. Katin jira yana da mazauninsa na musamman a yawancin akwatuna, don hanyoyin da ke bangon baya can aka ja su, ba duk ramin da ka ga babu kowa za ka cusa shi ba. Ya zama nau'i ɗaya da na aiki, yawan ƙofofinsa kada ya gaza, manhajar cikinsa ta zama zubi ɗaya. Kada ka ɗora masa wata hanya tasa. In salon 1:N ne, wato na jira ɗaya yana gadin kati da yawa, ka sani mutum ɗaya kawai zai iya goyo. In biyu suka faɗi tare, wanda ka ba fifiko shi zai tsira, don haka katin da ke ɗauke da E1 na murya shi za ka sa a gaba. Kuma irin wannan rukunin dole ya zama mai komawa gida bayan an gyara, in ba haka ba sauran sun zauna babu mai gadi.

Katin FXS fa? Gaskiya mai ɗaci, a mafi yawan akwatunan PCM babu katin jira ga layin talho, kowace waya biyu ta talho a ƙofa ɗaya take ƙarewa. Kuma shi ne katin da ya fi kowane mutuwa a ƙasarmu, don shi ke riƙe da tagullar da ta fita waje, ita kuma tsawar damina ta nan take shigowa. Dabarar da nake yi ba ta manhaja ba ce. Nakan warwatsa layuka masu muhimmanci a kan kati biyu: talhon shugaban reshe a wannan, na mataimakinsa a wancan, na mai gadi da na ma'aji kada su haɗu wuri ɗaya. Kati ɗaya ya ƙone, kowane ofishi yana da maƙwabcin da talhonsa ke aiki. Sannan abin tare tsawa a kan kowace waya da ta bar ginin, da wayar ƙasa ta ƙwarai. Rairayin nan namu in ya bushe a watan Maris da Afrilu ba ya karɓar wuta yadda ya kamata, saboda haka da rani ake auna wayar ƙasa, ba cikin Agusta da ko'ina ke jiƙe ba.

Gefen haske kuma, kariyar da ta dace da ku ita ce MSP 1+1: ana aika sigina ɗaya ta hanya biyu a lokaci guda, mai karɓa ya zaɓi mai kyau. Ƙa'idar G.841 ta ce juyawar kada ta wuce milisakan 50 bayan an gano matsala. Tunda na'urorinku ba ƴan gida ɗaya ba ne, na fi son ka zaɓi salon da kowane gefe ke juyawa don kansa, kuma marar komawa da kansa. Salon da sai gefen biyu sun yi shawara ta gurbin saƙo K1 da K2 yana da kyau a takarda, amma tsakanin kamfani biyu nan ake yawan samun saɓani. In ka zaɓi mai komawa, akwai lokacin jira na minti 5 zuwa 12 kafin ya koma, kada ka ga bai koma nan take ba ka ɗauka ya lalace. Amfanin jiran shi ne kada fibur mai ciwo, mai zuwa yana ɗaukewa, ya riƙa wasa da layinku. In kuma wata rana hanya ta biyu haya kuka ɗauko, ta bi ta cikin na'urorin wani kamfani, MSP ba zai yi ba, don K1 da K2 a na'ura ta gaba suke tsayawa. Nan SNCP ake sawa, mai gadin kowane VC-12 daga farkonsa har ƙarshe. Kada ka jibga su biyun a kan hanya ɗaya ba tare da ka sa wa SNCP ɗan jinkiri ba, kamar milisakan 100, in ba haka ba su yi ta rige-rigen juyawa.

Ƙofar aiki da ƙofar jira su zauna a kati biyu daban. Kamar wasa, amma na sha gadon aikin da aka sa su a ƙofa ta 1 da ta 2 na kati ɗaya, allo yana nuna kariya lafiya lau. Sannan ka tambayi wanda ya ja fibur ɗin: zare huɗun da hanyar aiki da ta jira ke bi, a waya ɗaya suke? In amsar i ce, to kariyarku ta kati da fitilar laser ce kawai. Mai haƙa ramin famfo, ko motar gyaran hanya, ko ruwan da ya ci kwari ya tono waya, duk zaren zai yanke tare. Hanyar Maraɗi zuwa Gidan Rumji ta Tibiri hanya ɗaya ce, kuma ban ce ku haƙa rami na biyu na sama da kilomita 50 ba, wannan ya fi ƙarfin ma'aikata irin taku. Abin da nake so shi ne a rubuce shugaba ya san abin da ya saya da abin da bai saya ba. In reshen ba ya jure yankewa, ƴar hanyar rediyo mai ɗaukar E1 ɗaya ko biyu ta fi katin haske na uku amfani.

Tunda na ambaci nisa: fitilar L-1.1 ta kilomita 40 ce, taku sai L-1.2, mai hasken nanomita 1550, wadda aka yi don kilomita 80. Tana fitar da ƙarfi tsakanin -5 da 0 dBm, mai karɓa yana ji har -34, amma ya fi -10 ya yi masa yawa. Saboda haka in za ka gwada kati a kan tebur, ka maido haskensa kansa da gajeren jaratiye, wato ƴar wayar fibur ta haɗi, sa mai rage haske na 10 ko 15 dB a tsakani. Kuma ka auna hasken hanyar jira kamar yadda ka auna na hanyar aiki, ka rubuta. Hanyar jira ita ce marainiya, ƙurar hunturu ta kwanta a bakin fish ɗinta wata shida babu wanda ya sani, sai ranar da aka neme ta.

Katin sarrafawa da katin mararraba, wanda duk hanyoyi ke ratsawa, su yawanci da kansu suke gane juna in an sa biyu. Abin kiyayewa ɗaya ne: na jira sai ya kwafe duk saitin na aiki kafin ya iya karɓar ragama, kuma wannan kwafin yana cin mintoci. In ka gama saiti yanzu, ko ka cusa sabon kati yanzu, jira sai allo ko fitilarsa ta nuna sun daidaita. Wanda ya yi gaggawar zare na aiki a wannan tsakanin zai iya wayar gari da akwatin da ya manta rabin hanyoyinsa. Ka ajiye kwafin saitin a wajen na'urar duk lokacin da ka canza wani abu, da kwanan wata a sunansa.

Ga abin da ya taɓa faruwa da ni, a wata ma'aikata da ba sai na faɗi sunanta ba. An yi gyaran fibur, wani abokin aiki ya sa wa kariya kulle don kada ta riƙa tsalle yana aiki, wanda daidai ne. Ya gama, ya tafi sallar la'asar, ya manta. Na'ura ta tada ɗan alam ruwan ɗorawa, ya shige cikin tarin ƴan'uwansa da kowa ya saba gani. Bayan watanni katin haske ya mutu da tsakar dare, na jira yana nan lafiyayye, haske yana isowa gare shi, amma an ɗaure masa hannu. Umarnin juyawa hawa-hawa ne: kulle ya fi kowa, sai juyin dole, sannan faɗuwar sigina, sannan lalacewarta, juyin hannu yana ƙasa. Ma'ana, juyin hannu ba ya hana na'ura ceton kanta, kulle da juyin dole suna hanawa. Don gwaji da aikin yau da kullum juyin hannu ake amfani da shi. Tun daga ranar, ba na barin ɗakin na'ura sai na buɗe shafin kariya na ga babu umarnin da ke rataye.

Wuta da zafi ba sa cikin tambayarka, amma su ne ke kashe kati biyu a tare. Akwatin yana da ƙofar wuta biyu ta volt -48, A da B. In duka biyun daga dijontar ɗaya aka jawo su, biyun nan ɗaya ce. Raba su, in da hali har jerin batir ɗin. Ka san yadda kuran yake mana a watannin zafi, ka kuma san ɗakin da kilim ya tsaya a Afrilu, waje ma ya haura digiri 40, balle cikin ɗaki mai kwano. Katin aiki da na jira iska ɗaya suke shaƙa, fanka ɗaya ke hura musu. Matatar ƙurar da littafi ya ce a wanke bayan wata da watanni, ba don Maraɗi aka rubuta shi ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu ni duk sati biyu nake cirowa in kakkaɓe.

Wani ɗan abu da ake rainawa: a cikin kan zubin SDH akwai gurbi biyu na kilobit 64 masu suna E1 da E2, na talhon ma'aikata tsakanin na'ura da na'ura. Sunan ne kawai ya zo ɗaya da E1 mai layi 30, babu dangantaka. In na'urorinku biyu sun yarda su yi magana ta nan, saita shi ka rataya talho a jikin kowace. Ba ya bi ta katin E1 ko akwatin PCM, don haka ranar da waɗancan suka faɗi kuma rezon salula ya yi rauni, da shi za ka ji wanda ke ɗaya gefen. Ranar da hanyarku ta zama zobe, a yanke wannan layin a wuri ɗaya, in ba haka ba murya ta riƙa zagayawa tana kuwwa.

Gwaji kuma ba a gaban shugaba ake fara shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓi dare, bayan isha'i, ka sanar da reshe, ka ajiye mutum a can. Ɗauki E1 ɗaya da babu kowa a kai, ka sa a yi masa bukul a Gidan Rumji, wato a maido siginar inda ta fito, ka ɗora na'urar ƙirga kuskure a Maraɗi. A lokaci guda mutum biyu su riƙe kira a buɗe suna hira. Fara da juyin hannu, je ka dawo. In ya yi, cire jaratiyen karɓa na hanyar aiki. In ya yi, maida shi, jira alam ya share, sannan ka zare kati, ɗaya-ɗaya, da abin ɗaure hannu na kariyar lantarki, kana barin kowane ya gama tashi kafin ka taɓa na gaba. Daga ƙarshe kashe wutar A, kunna, kashe B. Milisakan 50 zubi 400 ne na E1. Masu hira za su ji ɗan ƙaf, kiran bai kamata ya yanke ba, don injin rarraba kira yawanci sai matsala ta kai kamar sakan biyu yake sakin layi. In kira ya yanke, juyawar ta daɗe fiye da ƙima ko agogo ne ya yi tsalle, sai ka koma kan jerin fifikon agogo ka tabbatar hanyar jira tana ciki a matsayi na biyu. Bayan nan bar na'urar ƙirgar ta yi awa 24 a kan hanyar aiki, ta sake wasu 24 a kan ta jira. Ka maimaita juyin hannun nan duk wata uku, ɗaya daga ciki ya faɗo a Mayu, kafin ruwan farko.

Katunan da suka rage bayan ka gama, waɗanda babu rukunin da zai karɓe su, kada ka bar su cushe a akwati suna shan zafi a banza. Gwada kowane, maida shi ledarsa, rubuta ranar gwajin a jiki, ka ajiye rabi a Maraɗi rabi a Gidan Rumji. SDH tsohuwar fasaha ce, tun 1988 aka kafa ƙa'idojinta, kamfanoni da yawa sun koma kan IP, kuma samun katinta sabo yana ƙara wuya kowace shekara. In kuɗi sun ragu, FXS za ka ƙara saya.

Gobe da safe fara da 22 da 43. In E1 na 2 da na 3 suka tashi, turo mini hoton bayan akwatin inda wayoyin E1 suka sauka, da jerin alam na gefen biyu, in gaya maka ko katinku na biyu zai iya zama na jira ko na leda ne.